Yadda Ake Fatsa a Arewacin Norway Tsakanin Ƙarshen Mayu da Yuni

Wanda ya nufi gaɓar tekun arewacin Norway domin kamun kifi na nishaɗi a farkon lokacin zafi zai tarar da rana wadda ba ta faɗuwa, domin a birnin Tromso tana nan a sama dare da rana tun daga wajen 20 ga Mayu har zuwa ƙarshen Yuli. Wannan haske yakan ruɗi baƙo ya ɗauka cewa kowace sa'a daidai take da ’yar'uwarta, alhali kifin teku cikowar ruwa da janyewarsa yake bi, na kogi kuma sanyin ruwa da yawansa. Saboda haka abu na farko da ya kamata masunci ya mallaka shi ne jadawalin cikowar teku na yankin da zai sauka, tare da hasashen iska na kowace rana.

A teku doka ba ta neman lasisi daga mai sandar fatsa, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Manyan kifin kod masu zuwa tsibiran Lofoten yin ƙwai tsakanin Fabrairu da Afrilu, waɗanda ake shanyawa a kan katakai har su zama busasshen kifin nan da ake kawowa kasuwannin Najeriya, sun riga sun koma arewa kafin Yuni. Abin da ya rage shi ne kod na gaɓa, da kifin da mutanen ƙasar ke kira sei, da kuma halibut, shimfiɗaɗɗen kifin da ke kwanciya a kan yashi. Kowannensu da yadda ake nemansa. Domin kod, a nemi wurin da ƙasan teku ya yi tudu ko gangare, a saki ƙarfen koto mai nauyin giram 150 zuwa 300 har ya taɓa ƙasa, a naɗe zaren kaɗan don kada ƙugiya ta maƙale a dutse, sannan a riƙa ɗaga sanda ana sauke ta a hankali. Sau da yawa kifin yakan kai cafka ne a lokacin da koton yake komawa ƙasa, don haka kada a bar zare ya yi sako-sako. Shi kuwa sei a tsakiyar ruwa yake farauta, kuma ya fi son koton da ake janyowa sama da sauri.

Halibut ne ke buƙatar haƙuri, kuma a ganina shi ya sa wannan lokaci ya fi kowane daɗi, domin a watannin nan yakan matso ruwa marar zurfi sosai, wajen mita 10 zuwa 40. Ana kashe injin jirgi a bar igiyar ruwa ta tafi da shi a kan shimfiɗar yashi, ana jan babban koton roba mai siffar kifi ’yan mitoci sama da ƙasa. Idan aka ji nauyi, kada a fizge nan take, domin yakan bi koto ya ɗanɗana kafin ya haɗiye. Doka ta ƙayyade mafi ƙarancin tsawon kod da halibut, ta kuma wajabta mayar da halibut ɗin da ya wuce mita biyu, saboda irin waɗannan manyan mata ne masu ƙwai. Alƙaluman sukan sauya, haka ma nauyin kifin da baƙo zai iya fita da shi daga ƙasar, don haka a duba sanarwar hukumar kula da kamun kifi ta shekarar kafin a tashi. An kuma hana jefa fatsa a ƙasa da mita 100 daga kejin kiwon kifi.

Ƙarfin igiyar ruwa shi ne ke tara ƙananan kifaye, manya su biyo su, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar mashigin Saltstraumen kusa da Bodo, inda ruwa ke kwarara ta ƙuntatacciyar hanya sau huɗu a cikin sa'o'i 24. A nan ana iya kama sei daga kan dutse da koton ƙarfe mai giram 30 ko 40, amma wanda bai san wurin ba kada ya shiga da jirgi sai da ɗan jagora. Ruwan arewa a Yuni bai cika wuce digiri 10 ba, kuma wanda ya faɗa ciki hannuwansa kan daina aiki cikin ’yan mintoci. Tun 2015 doka ta tilasta sanya rigar ceto a jirgin da bai kai mita takwas ba muddin yana tafiya, ni kuwa shawarata ita ce kada a cire ta ko jirgin yana tsaye. Da zarar an kama kifin da za a ci, a yanke shi a maƙogwaro jini ya tsiyaye, a fitar da kayan ciki, a sa shi a sanyi.

A ruwan daɗi al'amarin ya sha bamban, domin kogi yana da masu shi. Duk wanda ya kai shekara 18 kuma yake son kama salmon, kifin da ke haurowa kogi daga teku, sai ya biya kuɗin gwamnati na shekara, sannan ya sayi izinin yankin kogin daga masu filin. Koguna da dama suna buɗewa daga 1 ga Yuni, wasu na can arewa kuma sukan jinkirta. Bai kamata a sayi tikitin jirgin sama kafin a tabbatar kogin a buɗe yake ba, domin a Yunin 2024 hukumar muhalli ta rufe koguna 33, har da Gaula da Orkla, saboda ƙarancin salmon da suka dawo daga teku, kuma kogin Tana da ke iyaka da Finland an dakatar da kamun salmon a cikinsa tun 2021.

A farkon Yuni ƙanƙarar duwatsu tana narkewa, kogi ya cika ya yi sanyi, kuma manyan salmon ne ke fara haurowa. Ba sa son kokawa da tsakiyar ruwa, sai su raɓa gefe inda gudu ya lafa, don haka a jefa babban koto a bar shi ya nutse, a ja shi sannu a hankali kusa da gaɓa kafin a yi tunanin nesa. An haramta amfani da kifi mai rai a matsayin koto, wasu kogunan kuma ko tana ba su yarda da ita ba. A tafkuna, makonnin farko bayan narkewar ƙanƙara su ne lokacin da kifin tirawut ke yawo bakin ruwa da yunwa, sai dai tafkunan kan tsauni sukan kai ƙarshen Yuni a daskare.

Kafin a taka kogunan salmon da yawa wajibi ne a wanke sanda, zare, ƙugiyoyi da takalman shiga ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma riƙe takardar shaidar yin hakan, domin masu gadin kogi suna tambayarta. Dalili shi ne wata ƙaramar ƙwaya mai suna Gyrodactylus salaris, wadda aka fara gani a Norway a 1975, tana manne wa ’ya'yan salmon har ta kusan ƙarar da su a kogin da ta shiga, kuma jiƙaƙƙen takalmi guda ya isa ya ɗauko ta daga wani ruwa zuwa wani. Wuraren da ake sayar da izini galibi suna da inda ake yin wannan wanki.