Kurakuran da muke yi wajen sayen kwamfutar aiki a shago

Wani ƙanina mai shagon buga katin biki da kalanda a wajejen Ringim ya shafe kusan shekara yana tara kuɗi, ya shiga Kano ya dawo da kwamfuta yana ta murna wai Core i7 ce, wato sunan furosesa, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, ga sitika nan raɗau a jikinta. Ranar kasuwa mutane sun cika benci, yaron da ke masa zane ya buɗe CorelDRAW da Photoshop tare sai ta daskare, maus ma ya ƙi motsi, ga ango a tsaye yana ta duba agogo. Wallahi abin ya min ciwo don na san yadda aka tara kuɗin nan.

Da na duba sai na ga i7-2600 ce, ta 2011. Nan ne yawancinmu muke faɗawa, muna sayen sitika. Lambar da ke bayan i5 ko i7 ita ce magana, in lambobi huɗu ne ta farkon ita ke gaya maka janareshan, wato zubi na nawa ne, sai dai in ta fara da 1, to biyun farko za ka duba. I5-8500 ta 2018 tana da kwa 6, wato sassa 6 masu aiki a lokaci ɗaya, waccan i7 ɗin 4 gare ta, kuma a wajen aiki ko kusa ba za ta kamo ta ba. Sannan Windows 11 daga janareshan na 8 take karɓa, ita kuwa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina tallafa mata. Don haka kar ka miƙa kuɗi sai an kunna a gabanka, ka danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Performance ka karanta lambar da idonka, a nan ma za ka ga RAM, wato inda take riƙe aikin da ka buɗe, da irin dis ɗin ajiyar fayil da ke ciki.

Sai kuma ruɗin 1TB, wato girman wurin ajiya. Mai shago zai ce ai wannan tera ɗaya ce, kai kuma ka ji daɗi, alhali tsohon hadis ne mai juyawa wanda da ƙyar yake wuce 150MB a sakan, SSD, sabon nau'in dis da ba ya juyawa, ko ta talaka tana kai 500. Sa SSD 512GB a ciki, hotunan kwastomomi ka zuba su a hadis na waje. RAM kuma 8GB ta ishi mai taifin da rijistar JAMB, amma mai zane ko mai haɗa bidiyon biki kar ya yi ƙasa da 16, kuma ka tambaya ko ana ƙarawa don wasu laftof ɗin a like take da bod.

Wani kuma gefe guda yake zarcewa, ya sayo wa kowa babbar mashin har da mai fotokofi. A'a, wanda aiki mai nauyi ke hannunsa shi za ka kashe wa.

Abin da aka fi mantawa shi ne wuta, mu da muke kan sola da janareta. Desktof mai babban katin girafik sai ta ja wat 300 ko fiye, cajar laftof ta ofis kuwa 65 ce yawanci, to ka lissafa inbatarka da batir tun kafin ka hau motar Kano, kar ka zo kullum la'asar inbata tana kuka aiki bai ƙare ba. In desktof ce dole UPS, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, amma kar ka jona firinta mai leza a kai, lokacin da take ɗumama tana fizgar wuta sosai.

Ga kuma ƙura da zafi. A Afrilu ɗakin kwano sai ya haura digiri 40, kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu, kai kuma ka ɗauka bairos ne ka kai a yi mata fomatin. Ɗaga ta daga ƙasa, kar ka manna ta da bango, in hunturu ya wuce a buɗe a hure fanka.

Shi ƙanin nawa dai SSD muka sa masa muka kai RAM 16, yanzu tana buga kati da kalanda lafiya lau, bidiyon ne ya haƙura da shi sai bayan kaka in ya sayar da riɗi.