Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa wajen haɗa injin roka mai ruwan oksijin

Jama'a na gaji wallahi, duk shekara sabbin ɗaliban injiniya su zo da zumuɗin haɗa injin roka, kuma ramin da na gabansu suka faɗa shi suke faɗawa.

Babban shi ne maiƙo. Ruwan oksijin, wato iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, sanyinsa digiri 183 ne ƙasa da sifili, sai mutum ya ɗauka abu mai sanyi haka ina shi ina wuta, alhali in ya haɗu da giris ko man inji ɗan bugu kaɗan ya isa ya tashi. Mu bawul guda ɗaya aka ɗaura ba a kwance an wanke ba wai don sabo ne dal a ledarsa, shi ya cinye mana aikin zango guda. Yo sabon ai da giris ɗinsa yake fitowa daga kamfani! Ni yanzu ko wa ya rantse min ya wanke sai na kwance da kaina, in wanke da isofurofil, wato sinadarin alkohol mai cire maiƙo, in busar da iskar naitirojin, kuma ba mai taɓa min shi babu safar hannu. Ku ce na cika naci, naji.

Sai masu rufe bawul biyu su bar ruwan oksijin a tsakani. Haba samari, in ya koma iska yana kumbura kusan ninki 860, ina kuke so ya je? Ku sa masa mafita.

Wasu kuma sai su ce to mu koma naitiros, wato gas ɗin da ake sawa a madadin ruwan oksijin, tunda ba ya son sanyi sosai, ba hatsari. A 2007 a Mojave ta Amurka ya fashe ya kashe ma'aikatan kamfanin ƙera jiragen sama na Scaled Composites uku, kuma ko wuta ba a kunna ba, gwajin kwarara kawai ake. Ƙwararru kenan fa, balle kai da ka tsaya kusa da tanki kana ɗaukar bidiyo da waya.

Kar mai ya taru a ɗakin ƙuna kafin tartsatsi ya kama, ni sai na tabbatar da wutar kunnawa sannan nake buɗe bawul. Tanki a gwada ƙarfinsa da ruwa, banda iska. Jan ƙarfen da ake yin injin da shi yana narkewa a digiri 1085, cikin injin kuma yakan kai 3000, don haka gwajin farko daƙiƙa biyu ta isa, a kashe a kwance a duba maƙogwaron injin, wato matsattsen wurin da wuta ke fita.