Darasi na 9: Kare Baya da Gaɓoɓi a Wurin Aiki

A masana'antun Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa, wani yana wuni yana sauke buhunan shinkafa masu kilo 50. Wani yana tsaye gaban injin roba daga safe har yamma, wani kuma yana majema yana jan jiƙaƙƙun fatu. Da yawansu suna fama da ciwon kwankwaso, da na kafaɗa, da na wuyan hannu, suna cewa ai haka aikin ya gada. Ba haka ba ne. Yawancin wannan ciwo ana iya kauce masa idan aka tsara aiki ya dace da jikin mai yin sa.

Abin da ke faruwa a cikin baya

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, kuma a tsakanin mafi yawansu akwai guringuntsi mai taushi da ke tare nauyi kamar gammo. Idan ka sunkuya ƙafafunka a miƙe ka sungumi buhu, nauyin yana taruwa ne a kwankwaso. Idan ka murɗa jiki da kayan a hannu, ɓarnar ta fi yawa. Ba a rana ɗaya abin yake bayyana ba. Yau da gobe guringuntsin yana lalacewa, har ya ɓullo ya danne jijiya. A nan ne mutum zai ji ciwo yana sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa, ko ƙafar ta riƙa sagewa.

Ɗaga kaya

Matso kusa da kayan, ka ware ƙafafu. Durƙusa da gwiwoyi, bayanka a miƙe. Rungumi kayan a jikinka, ka tashi da ƙarfin cinyoyi, ba tare da fizga ba. In za ka juya, taka ƙafa ka juya gaba ɗayanka.

Amma iya ɗagawa kaɗai ba ya isa idan kayan sun yi nauyi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗauki kilo 23 a matsayin nauyin da yawancin ma'aikata za su iya ɗagawa lafiya, shi ma sai kayan suna kusa da jiki kuma ba a yawan maimaitawa. Buhu mai kilo 50 ya ninka wannan har da ƙari. Irinsa aikin mutum biyu ne, ko a ɗora a kura ko baro a tura. Saurayin da ke ɗaukar buhu biyu a ka don a yaba ƙarfinsa, jikinsa yake ci bashi. Kuma a jera kaya masu nauyi a kan dakali ko katako daidai ƙugu, ba a ƙasa ba.

Masu tsayuwa da masu zama

Teburin aiki ya zo kusan daidai gwiwar hannu. In ya yi maka tsawo, taka katako mai faɗi wanda ba ya motsi. In ya yi gajarta, a ɗaga ƙafafunsa. Mai doguwar tsayuwa ya ajiye bulo, ya riƙa ɗora ƙafa ɗaya yana sauyawa. Matan da ke ƙulla leda ko liƙa kwali su jawo kayan kusa, kada su riƙa miƙa hannu nesa. Ɗan hutu na minti biyu a kai a kai, a miƙe a motsa jiki, ya fi dogon hutu sau ɗaya amfani.

Idan ciwo ya soma

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin da ake sha wai don ƙarin ƙarfi, irin su tiramadol. Ba sa gyara komai. Suna rufe ciwon ne, mutum ya ci gaba da aiki yana ƙara rauni, daga baya kuma ya kasa rabuwa da su. Ciwon da ya ɗauki makonni, a je asibiti. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Idan ƙafa ta rasa ƙarfi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, a tafi a ranar.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga NSITF, wato asusun gwamnati da ke biyan ma'aikata diyyar rauni, kuma ba daga albashinka za a cire ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da kamfani cikin kwana 14. Yi hakan a rubuce, ka riƙe kwafi.

Kana iya cewa shugabanka: "Oga, da za a samo mana kura biyu, da lodi ya fi sauri, kuma yara ba za su riƙa kwanciya ciwon baya ba."

Aikin yi

1. Me ya sa murɗa jiki da kaya a hannu yake da haɗari?
2. Buhu mai kilo 50 ya fi kilo 23 da kilo nawa?
3. Rubuta wasiƙa mai layi huɗu zuwa ga shugaban sashenku, ka faɗi ranar da ka ji rauni, da wurin, da aikin da kake yi a lokacin.