Yadda na gyara kiran bidiyo da ke tsinkewa lokacin cin abinci

Bikin bana mu kaɗai muka yi, ni da maigidana da jaririyarmu, nesa da dangi. Muka shirya kiran iyayenmu ta bidiyo mu ci abinci suna ganinmu. Da mun fara sai hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa.

Na kashe akwatin Wi-Fi na kunna, na sauya waya, har na ce su duba intanet ɗinsu. Duk a banza.

Maigidana ne ya lura cewa tsinkewar tana zuwa daidai lokacin da na kunna maikirowef don ɗumama abinci. Ashe na'urar tana aiki a kan zangon rediyo na 2.45 GHz, wayarmu kuma tana kan layin Wi-Fi na 2.4 GHz, shi ya sa suke karo.

Ga abin da na yi. Na ɗaga akwatin na karanta adireshi da kalmar sirri a takardar da ke manne a ƙasansa, na shiga da burauzar waya. A saitin Wi-Fi na kashe zaɓin da ke haɗe layukan akwatin biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz, a suna ɗaya, na kunna 5 GHz na ba shi sunansa daban. Na sa waya ta manta da tsohon layin, na haɗa ta da sabon. Da yake 5 GHz ba ya ratsa bango sosai, sai na dawo da akwatin falo, na ɗora shi kan kanta.

Muka sake kira maikirowef yana aiki, ko gezau. Alhamdulillahi, Umma ta ga jikarta tana wasa da cokali har muka gama.