Darasi na Bakwai: Tsara Lokacin Shuka a Lambun Gida

Duk wanda yake son ya ci tumatir daga lambun gidansa a Daura, daga watan Maris ya kamata ya fara lissafi yana komawa baya, domin da zarar bazara ta kama zafi yakan kai digiri 40, kuma a irin wannan zafi furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya yi 'ya'ya ba. Tumatir yana bukatar mako 4 zuwa 5 a wurin reno, sannan wata 2 zuwa 3 bayan dashe kafin a fara tsinka. Saboda haka a zuba iri a watan Oktoba da ɗaukewar damina, a yi dashe a Nuwamba, domin fure ya fito a cikin sanyin hunturu. Wanda ya jinkirta har Janairu, yawanci ganye kawai zai samu, ga wahalar ban ruwa.

Kabeji da latas da albasa su ma sanyi suke so. Albasa takan yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno, don haka ita ake fara zubawa. Karas kuwa ba a dasa shi, a inda aka shuka shi a nan zai girma.

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, kuma wannan ne ya sa taki ya zama dole. A haɗa kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe da ƙasar komin, a jiƙa, a bar shi mako 2 kafin shuka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kada a kusantar da shi ga ƙaramin tsiro. Ranar dashe a bari sai bayan la'asar, a ciro kowane tsiro da 'yar ƙasarsa a jikin saiwa, a danna gindinsa da yatsu biyu, a ba shi ruwa nan take. Idan washegari ya yi yaushi kada a damu, zai miƙe.

A ganina, girman lambu ruwan da gida yake da shi ne ya kamata ya yanke shi. Manoman da ke kusa da madatsar Sabke ko ta Daberam suna da ruwan da za su yi komaye masu yawa, amma mai ja daga rijiya ko mai saye a wurin 'yan garuwa, komi biyu da zai iya shayarwa safe da yamma sun fi masa goma da za su bushe a Fabrairu. A kuma kewaye wurin da dangar kara tun kafin a zuba iri, saboda kaji da awaki da iskar hunturu.

Idan an kwashe tumatir, sai a shuka alayyahu da kuɓewa a komayen, domin suna jure zafi matuƙar ana ba su ruwa, alayyahu ma cikin mako 4 ya isa yanka.