Idan an sauke ka a otal a unguwar Mayfair, fito ka taka da ƙafarka

Wannan saƙon na mutanenmu ne na Kano da za su shiga Landan karon farko, musamman waɗanda wurin aiki ya kama musu ɗaki a manyan otal ɗin Park Lane kafin su samu gida, da masu raka mara lafiya ganin likita a Harley Street. Abin da na lura da shi shi ne mutum zai sauka, ya shige ɗaki ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, in zai fita sai a kira masa tasi, ya je ya dawo, har ya bar unguwar bai san gabas da yamma ba. Na san dalili, mu a gida babban mutum baya tafiyar ƙasa, in aka hango Alhaji yana takawa daga Nassarawa zuwa Bata ai kafin magariba labari ya zaga gari cewa ya karye. To can ba mai kallonka wallahi, mai otal ɗin ma da kansa zai iya wuce ka a ƙafa da lemarsa.

Unguwar Mayfair ɓata a cikinta sai ka so. Tituna huɗu ne suka kewaye ta, Oxford Street a arewa, Regent Street a gabas, Piccadilly a kudu, sai Park Lane a yamma inda otal ɗin Dorchester yake, wanda aka buɗe tun 1931. Duk inda ka miƙe, cikin kamar minti 20 za ka faɗo ɗaya daga cikinsu. Ka riƙe sunayen nan huɗu kawai, shikenan, ko cajin wayarka ya ƙare za ka koma masaukinka.

Amma kafin komai maganar tsallaka titi. Su ta hagu suke tuƙi, mu ma haka muke yi a da sai a 1972 Najeriya ta koma dama, don haka idonka ya saba duba inda ba nan motar za ta ɓullo ba. Ka fara duba dama. A bakin titi sun rubuta a ƙasa inda za ka duba, ka karanta, kuma ka jira danja ta nuna koren mutum ko da kaga 'yan gari suna ratsawa abinsu, su sun san hannun titinsu. Masu keke ma ka kula da su sosai don ba ka jin zuwansu. Park Lane kuwa kada ma ka gwada tsallaka ta sai a wurin da aka tanada.

Ranar farko ni dai shawarata ka fara da neman inda za ka yi sallah da inda za ka ci abinci, kallon shaguna ya biyo baya. Akwai ƙaramin masallaci a Hertford Street cikin unguwar. Na Juma'a babba kuma yana gefen Regent's Park, mai ƙubba ruwan zinare, daga Marble Arch, wato mahaɗar Oxford Street da Park Lane, kamar rabin awa ne a ƙafa. Ka kula da lokaci sosai, a watan Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk suna bin juna a guje, a watan Yuni kuma har ƙarfe 9 ta wuce da hasken rana. Banɗakunan Turawa galibi babu buta, saka 'yar robar ruwa a jaka, ba abin kunya bane.

Abinci kuwa, daga Marble Arch ɗin ka miƙe Edgware Road, layin Larabawa ne, shinkafa da gasasshen nama da shawarma da shayi, yawanci halal, har tsakar dare a buɗe. Kuɗin da za ka biya na karin kumallo ɗaya a otal zai ciyar da kai wuni guda a can. In ka zauna a gidan abinci cikin Mayfair duba takardar kuɗin da kyau, galibi sun riga sun ɗora kashi 12.5 cikin ɗari na hidima, ba sai ka ƙara komai ba sai in ka yi niyya.

Toh sai yawon buɗe ido. Hyde Park, babban filin shaƙatawa, tana tsallaken Park Lane, shiga kyauta, akwai tafki a tsakiya, ran Lahadi kuma a kusurwar da ke wajen Marble Arch mutane na taruwa kowa ya hau abin tsayawarsa yana ta zuba, siyasa, addini, musu har da ihu. Ka tsaya ka ji amma kada zuciya ta ɗebe ka ka shiga, da yawansu kyamara suke jira su ɗora ka a YouTube. Karnuka kuma suna nan birjik ba igiya, hajiyoyinmu a yi haƙuri kada a ruga, gudun ne ke sa su bi mutum. Cikin unguwa ka bi ta Mount Street ka fito Berkeley Square, manyan bishiyoyi da kujerun hutawa, kusa da nan shagunan Bentley da Rolls-Royce suke. Daga nan Bond Street, sai Savile Row layin teloli masu ɗinka kwat da hannu, 'yan Kwari ku leƙa ku ga yadi ko don ilimi. Burlington Arcade, wani layin shaguna mai rufi, tun 1819 take, masu gadinta da dogayen huluna, kuma har yau ba a yarda a yi fito da baki a ciki ba. Shiga shago ka duba ka fito ba laifi, sai dai ba a taya kaya, farashin da ke jiki shi ne. Kuma masu cewa za a mayar maka da kuɗin haraji a filin jirgi labarin da ne, tun farkon 2021 aka daina.

Waya. Dan Allah kada ka tsaya a bakin titi ka ɗaga ta kana bidiyo kana nuna wa 'yan gida, ɓarayi a kan keken lantarki suke zuwa su fizge, kuma wajen Oxford Street da kewaye abin ya yi yawa. Haka agogo mai tsada, ja hannun riga ka rufe. In za ka duba taswira matsa jikin bango ko ka shiga shago. Ofisoshin jakadanci ma suna da yawa a unguwar, inda kaga ɗan sanda da bindiga a ƙofa to ba wurin hoto bane.

Takalmi ka sayi kambas mai laushi tun daga Kano, sai rigar sanyi da 'yar lema, babbar riga a bari sai Juma'a. In ƙafa ta gaji ka hau bas, amma tun 2014 basa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko Oyster, katinsu na shiga bas da jirgin ƙasa. Ran Lahadi manyan shaguna awa 6 kawai suke buɗewa, kada ka bar sayayya sai yamma.

Mai shirin zama kuma ya sani Mayfair ba nan zai zauna ba, hayar ɗaki ɗaya a wurin sai ta cinye albashi. Kafin kwanakin otal su ƙare ka shiga jirgin ƙasa ka leƙa Peckham ko Woolwich, can ake samun doya da manja da garin tuwo, ka tambayi 'yan gida da ka haɗu da su a masallaci wace unguwa ce haya take da dama-dama kuma jirginta yake kaiwa wurin aikinka kai tsaye.