Ku Fito Ku Taka Unguwarku

Abin da ya fara tayar min da hankali a makon farko da muka tare a unguwar gefen birni a ƙasar waje shi ne shiru. Gidaje jere reras, ciyawa an aske ta tsaf, amma ko mutum ɗaya babu a waje. Maƙwabci zai dawo daga aiki, ya danna ɗan maɓalli, ƙofar gareji ta ɗaga, mota ta shige, ƙofa ta sauka. Ba ka ƙara ganinsa sai gobe. Idan ku ma haka kuka tarar, kada ku ɗauka gudunku ake yi. Don mai mota aka tsara irin waɗannan unguwanni tun asali. A Amurka sun yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Levittown ta jihar New York, wadda aka fara ginawa a 1947, ita ake yawan kafa misali da ita. Dokokin tsara gari sun ware gidaje gefe guda, shaguna da ofisoshi wani gefen, shi ya sa ba abin da ke fito da mutum a ƙafa sai ya ga dama.

To ku ga damar. Shawarata ta farko, wadda ta fi sauran nauyi a wurina, ita ce ku riƙa fita tattaki kullum, a lokaci ɗaya, ta hanya ɗaya. Lokaci ɗayan nan shi ne sirrin. Mutanen da ke fita da karnukansu, da tsofaffin da ke ba furanni ruwa, da iyayen da ke tura keken jarirai, kowa yana da sa'arsa. In fuskarku ta maimaitu, kun daina zama baƙi. Akwai wata dattijuwa a kwanar layinmu da muka yi kusan mako uku muna wucewa tana kallonmu kawai. Ran nan ta ɗaga hannu. Bayan kwana biyu ta tsayar da mu, ta nuna wa 'yata safar hannun yarinyar guda da ta ɓata, an rataye ta a kan shinge don mai ita ya gani. Ita ce daga baya ta gaya mana ranar da motar shara ke zuwa, da gajeriyar hanyar da ke kaiwa filin wasan yara. Gaisuwar hanya a nan gajeriya ce, murmushi da ɗaga hannu sun isa, kada ranku ya sosu don ba a tsaya tambayar iyali ba. Doguwar hira tana zuwa da kanta.

Lafiya ma tana cikin ribar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kullum. Rabin awa sau biyar ya cika na babba.

Akwai iyakokin da ba a rubuta a allo ba amma ana kiyaye su sosai. Ciyawar gaban gida mallakar mai gidan ce ko da babu katanga, ku hana yara ratsawa ta ciki ko tsinkar fure. A Amurka akwatin wasiƙa na ma'aikacin gidan waya ne da mai gida kaɗai, doka ta hana saka wata takarda a ciki ba tare da kan sarki ba. Kada ku taɓa karen wani sai kun tambaya, haka ɗan wani: ba a ɗaukarsa, ba a ba shi alewa, ba a ɗaukar hotonsa sai da yardar iyayensa. Naku yaran ƙanana kuma kada ku bar su su kaɗai a filin wasa ko cikin mota ko da na minti biyar ne, domin maƙwabci zai iya kiran 'yan sanda, kuma dokar kowace jiha da ƙasa daban take a kan wannan.

Batun titi, ku fara da sanin hannun da ake tuƙi. Amurka da Kanada dama suke bi, Ingila hagu, don haka a Ingila dama za ku fara dubawa kafin ku tsallaka. Inda babu hanyar masu ƙafa, ku bi gefen da kuke fuskantar motocin da ke tahowa. Da hunturu duhu na shigowa da wuri, a Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, sai ku sa tufa mai haske ko ku riƙe tocila. Lambar gaggawa 911 ce a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Ku koya wa yara ita tare da adireshin gida.

Fitar ƙarshen mako ba sai da kuɗi mai yawa ba. Ku fara da laburaren unguwa: katin aron littafi kyauta ne ga mazauna yankin, takardar da ke nuna adireshinku za ku kai, kuma galibi suna da lokacin karanta wa ƙananan yara labari, inda iyaye mata ke samun ƙawaye. Sai lambunan shaƙatawa masu lilo da tebura da hanyoyin cikin itatuwa. Da yawansu ana rufewa da faɗuwar rana, ku karanta allon bakin ƙofa. In da mota za ku je, kujerar yara dole ce. A Birtaniya sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 yake barin ta.

Abin da na fi so ku riƙe game da cikin itatuwa shi ne kaska. Wata ƙaramar kaska da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba tana ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Connecticut inda aka fara lura da ita a shekarun 1970. Akwai ta a Turai ma. Ku sa wa yara dogon wando, ku cusa ƙafarsa cikin safa, in an dawo gida a duba bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da cikin gashi. In kun ga jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe, ko zazzaɓi ya biyo baya, ku je wurin likita. A fata mai duhu tabon ba ya fitowa sosai, sai an duba da kyau a cikin haske.

Sanyi kuma kada ya kulle ku wata huɗu a ɗaki, nan ne kaɗaici ke kama mutum. Riga kan riga, hula, safar hannu, takalmi mai riƙe ƙasa, ku fita ko na minti goma sha biyar ne. Tafkin da ya daskare dai a kalle shi daga nesa, kada yaro ya taka ƙanƙarar samansa.